Shin ya dace in ɗauki harsunan Silabawa a matsayin ƙaramin fanni a jami'a?

Ɗaliba mai neman shawara ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a jami'a, babban fannina shi ne hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma tsarin jami'armu ya ba ɗalibi damar haɗawa da ƙaramin fanni guda ɗaya, wanda za a rubuta masa a takardar sakamako idan ya cika kwasa-kwasan da aka ƙayyade. Kafin ƙarshen wannan zango zan miƙa fom ɗin zaɓi, kuma zuciyata ta karkata ga sashen nazarin harsuna da al'adun Silabawa, wato Rashawa da mutanen Polan da Yukren da Cek da Sabiya da Bulgeriya da danginsu. Sharaɗin sashen shi ne kwas shida: huɗu na koyon harshe, biyu kuma na adabi ko tarihi waɗanda ake karantarwa ta hanyar fassara. Suna koyar da Rashanci kowace shekara, sauran harsunan kuwa sai an sami isassun ɗalibai ake buɗe ajinsu.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani aiki da aka ba mu a kan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Na sami fassara biyu na jawabi ɗaya, na ajiye su gefe da gefe, sai na ga a wata jimla ɗaya ta nuna mai jawabin yana yin alkawari, ɗayar kuma ta nuna fata kawai yake yi. Ba ni da hanyar sanin wadda ta fi kusa da abin da ya faɗa, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, domin duk hujjar da na gina a kan jimlar nan ta dogara ne da zaɓin wani mutum da ban sani ba.

Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su haska mini. Shin zango huɗu na koyon harshe zai kai ni inda zan iya karanta jarida ko takardar gwamnati da kaina? Shin ya fi in tsaya a harshe ɗaya, ko in raba kwas huɗun tsakanin Rashanci da wani, tunda an ce harsunan suna kama da juna? Yayana kuma ya ba ni shawarar in ɗauki tattalin arziki ko ƙididdiga, domin a ganinsa su ne masu ɗaukar aiki suke dubawa, kuma ba na son in yi watsi da maganarsa ba tare da na auna ta ba. Na gode.

Tsohon ɗalibin Rashanci ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi irin wannan ƙaramin fanni, kuma zan fara da tambayarki ta farko domin a kanta ne ɗalibai suka fi ruɗar kansu.

Haruffan ba su ne wahalar ba, ko da yake su ne suke tsorata mutane daga nesa. Rashanci yana da haruffa 33 na rubutun Sirilik, kuma mai himma yana iya riƙe su cikin mako biyu. Abin da za ki kula da shi kawai shi ne waɗanda suka yi kama da na boko amma furucinsu daban, kamar Р da ake furtawa "r", da Н da ake furtawa "n", da С da ake furtawa "s". Wahalar gaske tana zuwa ne a tsakiyar zango na farko, lokacin da za a shiga sauyin ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a cikin jimla. Idan kin taɓa karanta nahawun Larabci, wannan shi ne li'irabi, sai dai Larabci yana da hali uku ne, Rashanci yana da shida, harsunan Polan da Cek da Yukren kuma suna da bakwai. Kalmar littafi ita ce "kniga" idan shi ne ake magana a kansa, amma ta koma "knigu" idan shi aka karanta, "knigi" idan ana nufin mallaka ko rashinsa, "knige" idan a cikinsa abin yake, "knigoy" idan da shi aka yi wani aiki. Siffa da wakilin suna su ma dole su bi sahu, kuma jinsi uku ne ba biyu ba. Har ƙirga ma tana da nata hukunci: shekara ɗaya "odin god", shekara biyu "dva goda", shekara biyar "pyat let".

Akwai wurare biyu da na ga Bahaushe ya fi abokan karatunsa saurin fahimta, kuma ina so ki san da su domin su ƙarfafa miki gwiwa. Na farko shi ne bambancin aikin da aka kammala da wanda ake cikin yi. Mu muna cewa "na rubuta" da "ina rubutawa" ba tare da mun tsaya tunani ba, su kuma suna da aikatau biyu ga kusan kowane aiki, "pisat" ga wanda bai kammalu ba, "napisat" ga wanda ya kammalu. Siffar ta bambanta da tamu, amma tunanin ba baƙo ba ne. Na biyu shi ne cewa rubutun Rashanci na yau da kullum ba ya nuna gaɓar da ake ƙarfafawa, alhali ma'ana tana iya sauyawa saboda ita: "zamok" fada ce mai ganuwa idan aka ƙarfafa gaɓar farko, kwaɗo ne na kulle ƙofa idan aka ƙarfafa ta biyu. Wanda ya saba karanta Hausa ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba ya riga ya san yadda ake barin jimla ta nuna wa mai karatu kalmar da ake nufi.

Yanzu ga lissafin da nake so ki yi da kanki. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin sa'o'i 1,100 a cikin aji, wato makonni 44 na karatu ba kama hannun yaro, kafin ya iya aiki da Rashanci ko harshen Polan ko na Cek. Faransanci da Sifaniyanci kuwa sa'o'i 600 zuwa 750 ta ware musu. Zango huɗu na jami'a, idan kowane yana da mako 15 kuma ana shiga aji sa'a huɗu ko biyar a mako, bai wuce sa'o'i 240 zuwa 300 ba. Kin ga ke nan kusan rubu'in tafiyar ƙaramin fanni zai kai ki. Na tuna ranar da na fara ɗaukar labarin jarida na gaske bayan zango na huɗu. Sakin layi uku ne a kan taron ministoci, na zauna da ƙamus da fensir na yi sa'a ɗaya da rabi ina ja wa kowace kalma layi ina neman wa ya yi wa wa me, amma da na kai ƙarshe na san abin da aka ce, kuma ban karɓo shi daga bakin kowa ba. Wannan shi ne matsayin da za ki iya sa rai da shi: karatu a hankali da taimakon ƙamus, da hira mai sauƙi. Sauraron muhawara a talabijin ko rubuta rahoto sai an ƙara shekaru.

Saboda haka amsata ga tambaya ta biyu ita ce ki tsaya a harshe ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya yi zango biyu a nan, biyu a can, zai fita yana iya gaisuwa da harsuna biyu amma ba ya iya karanta shafi ɗaya da ko wanne.

Malama mai nazarin tarihin Turai ta Gabas ta amsa:

Na yarda da Malam a kan tsayawa a harshe ɗaya, amma ina so in ja hankalinki, 'yata, kada ki ɗauka cewa harshe ɗayan nan dole Rashanci ne, ko kuma cewa nazarin Silabawa nazarin Rasha ne da wasu 'yan rakiya. Wannan kuskure ya daɗe a cikin fannin kansa, musamman tun zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da harba tauraron ɗan'adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1957 ya sa gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a koyar da Rashanci, sai sassa da yawa suka ginu a kansa shi kaɗai.

Harsunan nan, waɗanda masu magana da su sun kai kimanin miliyan 300, sun kasu reshe uku. Na gabas ya ƙunshi Rashanci da harsunan Yukren da Belarus, na yamma ya ƙunshi na Polan da Cek da Sulobakiya, na kudu kuma ya ƙunshi na Bulgeriya da Masedoniya da Sulobeniya da kuma wanda ake magana da shi a Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegro, inda kowace ƙasa take kiransa da sunanta. Harsunan Hangari da Romaniya da Albaniya da Lituweniya ba sa cikin dangin ko da yake maƙwabta ne. Kamannin da ake faɗa gaskiya ne, amma yana da tarko. A Rashanci "zapomnit" na nufin riƙe abu a ka, alhali kalmar da ta yi kama da ita a harshen Polan na nufin mantawa. Harshen Bulgeriya ya zubar da li'irabin da Malam ya bayyana kusan gaba ɗaya, ya koma liƙa madanganci a ƙarshen suna, "kniga" ta zama "knigata", kamar yadda muke cewa riga da rigar. Na Sulobeniya kuma ya riƙe siga ta musamman ga abu biyu, irin musanna na Larabci.

Kwasa-kwasan tarihi biyun da aka sharɗanta miki kada ki ɗauke su ciko, domin su ne za su koya miki cewa a wannan yanki harafi kansa siyasa ne. A 863 aka aika wasu 'yan'uwa biyu daga birnin Tasalonika na Girka, Siril da Metodiyus, zuwa ƙasar Morabiya, a yankin Cek da Sulobakiya na yau, domin su yi wa'azin Kiristanci da harshen mutanen wurin, kuma Siril ya ƙirƙiro musu haruffa. Rubutun da ake kira Sirilik a yau almajiransu ne suka tsara shi daga baya a Bulgeriya bisa haruffan Girkanci, suka raɗa masa sunan malaminsu. Bayan rabuwar cocin gabas da na yamma a 1054, waɗanda suka bi Roma, kamar mutanen Polan da Cek da Kuroshiya, suka zauna a kan haruffan Latin, mabiya cocin Otodoks kuma suka riƙe Sirilik. Polan ta ɓace daga taswira tun daga 1795 har zuwa 1918, bayan maƙwabtanta uku sun raba ta, kuma harshe da adabi ne suka riƙe al'ummar a tsawon shekaru 123 ɗin nan. A 1876 sarkin Rasha Alekzanda na Biyu ya sa hannu a dokar da ta taƙaita buga littattafai da shigo da su da yin wasan kwaikwayo da harshen Yukren. Wadda take karanta hulɗar ƙasa da ƙasa ba za ta fahimci zafin muhawarar harshe a Yukren ta yau ba idan ba ta san wannan ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba kasafai ake ambatarsa ba, wanda shi ne ya sa ni kaina na zaɓi reshen kudu. Daular Usmaniyya ta ci Bosniya a 1463 ta mulke ta har 1878, kuma Musulmin ƙasar, waɗanda Silabawa ne gaba da baya, sun yi ƙarnuka suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, rubutun da suke kira arebica. Ajami ne sak, kuma da shi suka rubuta ƙasidu da waƙoƙin wa'azi da na mauludi. Musulmin Tatar na Belarus da Polan da Lituweniya ma sun bar littattafan addini da suke kira kitab, waɗanda harshensu na Silabawa ne amma haruffansu na Larabci. Ranar da aka fara ajiye hoton shafin irin wannan rubutu a gabana ina ɗaliba, na bi layin farko da yatsa daga dama zuwa hagu ina furtawa ba tare da na gane komai ba, sai na ci karo da "ahiret", na san lahira ce, can gaba kuma ga "dunjaluk", na san duniya ce. Har a maganarsu ta yau za ki ji "sat" wato sa'a, da "zanat" wato sana'a, da "džep" wato aljihu, dukkansu kalmomin Larabci ne da suka iso musu ta hannun Turkawa kamar yadda suka iso mana ta wata hanyar. Laburaren Gazi Husrev-beg da ke Sarayebo, babban birnin Bosniya, wanda aka kafa a 1537, yana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu, kuma darajarsa ta ƙaru bayan da aka ƙona Cibiyar Nazarin Gabas ta birnin a 1992 lokacin yaƙi. Masu iya haɗa Larabci da harshen Bosniya su yi aiki a kan irin waɗannan takardu ba su da yawa.

Ban faɗi wannan don in raba ki da Rashanci ba. Idan tambayoyin da ke cin ranki sun shafi Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Rashanci yake cikin harsuna shida na aiki, ko Asiya ta Tsakiya, ko makamashi da makamai, to shi ne ƙofarki. Idan kuwa Tarayyar Turai ce, ki tuna Polan da Cek da Sulobakiya da Sulobeniya sun shiga a 2004, Bulgeriya a 2007, Kuroshiya a 2013. Ki fara da tambayar da kike son ki iya amsawa, sannan ki zaɓi harshen da takardunta suke ciki.

Mai aikin fassara ya amsa:

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, ni dai ina so in tsaya a kan maganar yayanki, domin ba ta rasa tushe ba. A wuraren da na yi aiki, ban taɓa ganin an ɗauki mutum saboda an rubuta masa ƙaramin fanni a takarda ba. Abin da ake tambaya shi ne matakin da ya kai, kuma akan miƙa masa shafi a ce ya karanta ya faɗi abin da ke ciki. Ma'aunin da aka fi sani shi ne na Turai mai matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma a iya abin da na gani, zango huɗu yana kai ɗalibi mai ƙoƙari A2 ko bakin B1, alhali aikin da ya dogara da harshe yana neman B2 ko sama. Idan kin san za ki ajiye harshen ranar da kika gama kwas na huɗu, to shawarar yayanki ta fi, domin ƙididdiga ta zango huɗu tana ba ki abin da za ki yi aiki da shi nan take, harshen da aka bari a rabin hanya kuwa yana zubewa cikin shekara biyu.

Idan kuma kin ƙudurta ci gaba, to ki ɗauki ƙaramin fannin, ki sa kwas ɗaya ko biyu na ƙididdiga a cikin zaɓaɓɓun kwasa-kwasanki, ki kuma rubuta kundin kammala digirinki a kan batun da zai tilasta miki amfani da takardun asali ko da kaɗan ne. Game da manhajojin fassara, suna ba da ma'anar gaba ɗaya da kyau, amma irin matsalar da kika ambata, ta bambance alkawari da fata a jimla ɗaya, har yau sai wanda ya san harshen ne yake iya tsayawa ya ce wannan fassarar ta kauce.

Ɗaliba mai neman shawara ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na karu ƙwarai. Na koma na duba ayyukan da na rubuta a shekara biyun nan kamar yadda Malama ta nuna, sai na ga kusan dukkansu sun shafi ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne, don haka Rashanci zan ɗauka, kuma zan nemi ɗaya daga cikin kwasa-kwasan tarihin ya kasance a kan Yukren ko yankin Balkan domin kada in ga yankin ta taga ɗaya. Na kuma nuna wa yayana amsar mai aikin fassara, mun daidaita a kan zan haɗa da ƙididdiga. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan cike giɓin sa'o'in da Malam ya lissafa. Shin har yanzu ana tura ɗalibai karatun zango a ƙasashen da ake magana da harshen, ganin yaƙin Rasha da Yukren?

Tsohon ɗalibin Rashanci ya sake amsawa:

Ana turawa ƙanwata, amma wuraren sun sauya. Tun bayan da Rasha ta kai wa Yukren mamaya a Fabrairun 2022, jami'o'i da yawa na Turai da Amurka sun dakatar da shirye-shiryensu na cikin Rasha, suka mayar da su biranen da ake jin Rashanci a wajenta, kamar Almati a Kazakistan, da Bishkek a Kirgistan, da Daugavpils a Latbiya, da Yereban a Armeniya, da Tibilisi a Jojiya. Idan kin je ɗaya daga cikinsu, ki tuna cewa kowace ƙasa tana da harshenta, kuma akwai mutanen da Rashanci yake tuna musu da mulkin da ba su so ba. Ki koyi gaisuwa da godiya da harshen masu gida, ki fara da su, sannan ki tambaya ko za a iya ci gaba da Rashanci. Ki kuma riƙe ladabin harshen tun yanzu: babba ko baƙo ana ce masa "vy", wato ku, ba "ty", wato kai ko ke, ba, malami kuma ana kiransa da sunansa haɗe da sunan mahaifinsa.

Idan tafiya ba ta samu ba, akwai makarantun bazara masu tsanani da ke cusa karatun shekara guda cikin mako takwas ko tara. Na kwalejin Middlebury a Amurka ya shahara da sa ɗalibai su ɗauki alkawarin ba za su yi magana da wani harshe ba sai wanda suke koyo har su gama, jami'ar Indiana ma tana da nata shirin da ya daɗe yana koyar da harsunan yankin. Lokacin da ya fi amfani shi ne bayan zango na biyu, sa'ad da kin riga kin san li'irabin a takarda amma bakinki bai saba da shi ba.

Kafin ki miƙa fom ɗin, ki je ofishin sashen da kanki ki tabbatar cewa ajin shekara ta biyu yana gudana kowace shekara ba tare da yankewa ba, ki tambaya ko za su lissafa miki karatun da kika yi a waje cikin kwas shidan, sannan ki ɗora jadawalinsu a kan na babban fanninki ki ga ko akwai karo, domin ajin harshe yakan zauna kwana huɗu ko biyar a mako a sa'a ɗaya. Ki kuma roƙi malamin shekarar farko ya ba ki sunan littafin da za a yi amfani da shi, ki koyi haruffan bugu da na rubutun hannu a lokacin hutu, domin a rubutun hannu harafin т yana komawa kamar m na boko, kuma malamai da shi suke rubutu a allo tun ranar farko.